Korar Musulmi Daga Aiki A Ƙasashen Turawa: Ina Zalunci, Ina Hukuncin Cin Amana?

 

Ya 'yan'uwa, kusan kowane mako sai saƙo ya shigo wayoyinmu ta WhatsApp, wai an kori wata Musulma daga aiki a Faransa, ko an hana wani malami Musulmi koyarwa a Ingila, a ƙasa kuma a rubuta "a yaɗa domin Allah". Sai mu yaɗa, ranmu a ɓace. Wasu daga cikin labaran nan gaskiya ne, kuma zalunci ne tsagwaronsa. Wasu kuwa idan ka bi diddigi sai ka tarar mutumin amanar aikinsa ya ci, ko gaban alƙalin Musulunci aka kai shi ba zai sha ba. Yaranmu na Garuwa yanzu suna karatun likitanci da jinya da shari'a, a nan gida da Ngaundare da Yawunde, wasu har Faransa da Beljiyam. Don haka ya kamata mu iya rarrabe biyun. A Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu dawo muna cizon yatsa.

Da farko, mene ne hukuncin ladabtarwa? Ba shi ne ɗaurin kurkuku ba. Sana'o'in da ake danƙa musu rai ko dukiya ko 'ya'yan mutane suna da majalisarsu da ke riƙe da rajistar masu yin su. A nan Kamaru dokar 10 ga Agusta 1990 ce ta tsara aikin likita da majalisar likitoci, ta 19 ga Disamba 1990 kuma ta tsara aikin lauya. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin dokar shugaban ƙasa ta 7 ga Oktoba 1994, na kamfanoni kuwa dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992. Hukuncin hawa-hawa ne: gargaɗi, tsawatarwa a rubuce, dakatarwa, na ƙarshe kora ko goge suna daga rajista. Wanda aka goge sunansa, takardar digirinsa tana nan a hannunsa amma ba zai ci abinci da ita ba. Ka ga kenan ba ƙaramin abu ba ne.

Faransa da maganar ɗankwali

Kundin tsarin mulkinmu na 18 ga Janairu 1996 ya ce gwamnatin Kamaru ba ruwanta da ɗaukar wani addini, kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin yin addininsa. Kalmar da aka yi amfani da ita, wato layisite, daga Faransa muka aro ta. Amma yadda muke aiki da ita daban. A nan ranar ƙaramar Salla da ta Layya hutu ne na ƙasa, kuma ka shiga ofis ko asibiti a Garuwa za ka ga ma'aikaciya da ɗankwalinta ba mai ce mata kanzil. Ko hana niƙabi da Gwamna Midjiyawa Bakari ya yi a yankin Arewa Mai Nisa a Yulin 2015, bayan harin ƙunar baƙin wake na Fotokol, da sunan tsaro aka yi shi, kamar yadda Chadi ta yi wata guda kafin nan.

A Faransa abin ya samo asali ne daga doguwar rigimarsu da cocin Katolika, wadda ta kai su ga dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba coci da gwamnati. Lokacin ba Musulmi ake nufi ba. Daga baya ne, da Musulmi suka yi yawa, aka juyo da ƙa'idar kansu: rigimar ɗalibai mata uku a garin Creil a 1989, dokar 15 ga Maris 2004 da ta hana alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati, dokar 2010 kan rufe fuska, har zuwa hana abaya a makarantu a 2023. Game da ma'aikata, ƙa'idar ita ce duk mai aikin gwamnati, malami ne ko mai jinya ko mai shara, ba ya nuna alamar addininsa a bakin aiki. Idan ya nuna, laifin aiki ne, ana iya ladabtar da shi.

Christiane Ebrahimian ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a sashen masu taɓin hankali na wani asibitin gwamnati a Nanterre, kusa da Paris. A Disambar 2000 aka sanar da ita ba za a sabunta kwangilarta ba saboda ta ƙi cire ɗankwali. Ta yi ta shari'a shekara 15, har Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda a ranar 26 ga Nuwamba 2015 ta ce Faransa ba ta yi laifi ba. Su Faransawa hujjarsu ita ce doka ɗaya ce ga kowa, Kirista da Bayahude da Musulmi. A takarda haka ne. Amma Kirista zai iya tura ƙaramin gicciyensa cikin riga ya ci gaba da aikinsa, ita kuwa Musulma ina za ta ɓoye hijabinta? Doka ɗaya ce, nauyinta ne ba ɗaya ba. Ni dai a ganina wannan tauye haƙƙi ne, tunda ba ta cuci majinyaci ba, ba ta taɓa dukiyar kowa ba, mayafi ne kawai a kanta.

Iyayen da ke shirin tura 'ya mace karatun jinya ko likitanci can su lura da wannan: a ajin jami'a tana da damar sa hijabinta, amma ranar da aka tura ta koyon aiki a asibitin gwamnati, ƙa'idar ma'aikata ce ke hawa kanta. Gara a san haka tun kafin a biya kuɗin jirgi.

A kamfanoni masu zaman kansu akwai ɗan sauƙi. Ranar 14 ga Maris 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci biyu a rana ɗaya. Samira Achbita, mai karɓar baƙi a kamfanin G4S a Beljiyam, kotu ta ce kamfani yana iya kafa ƙa'idar hana duk wata alamar addini ko siyasa ga masu hulɗa da jama'a, muddin ta shafi kowa. Asma Bougnaoui kuwa, injiniya a kamfanin Micropole na Faransa, an kore ta ne don wani abokin ciniki ya ce ba ya son ganin mayafi. Nan kotu ta ce son ran abokin ciniki ba ya zama sharaɗin aiki.

Lauyoyi ma abin bai bar su ba. A Maris 2022 babbar kotun Faransa ta tabbatar da ƙa'idar majalisar lauyoyin Lille da ta hana haɗa rigar lauya da alamar addini. To dubi maƙwabtanmu. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa, wadda ta yi karatun shari'a a Jami'ar Ilorin, shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja don ta ƙi cire hijabi daga ƙarƙashin hular gashin nan ta lauyoyi. Aka yi ta cece-kuce, daga ƙarshe a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Abin dariyar shi ne ita Ingila da aka gaji hular daga wurinta ba ta hana lauya sa hijabi, har ma a 2020 ta naɗa Raffia Arshad alƙaliya da hijabinta. Wato idan an ce "Turawa", ba a taru an zama ɗaya ba.

Abin da ya faru a Birmingham

Labarin da ya fi koyar da darasi a ganina shi ne na birnin Birmingham a Ingila, domin a cikinsa an cakuɗa zalunci da gyara har sun kusa gagara rabuwa.

A ƙarshen 2013 wata wasiƙa marar sa hannu ta isa ofishin hukumar birnin. Wai wani ne ke koya wa abokinsa dabarar da Musulmi masu tsauri za su bi su ƙwace makarantun gwamnati: a cika kwamitin kula da makaranta da nasu, a matsa wa shugaban makaranta har ya ajiye aiki, a ɗora wanda ake so. Wasiƙar ta kira shirin da sunan Dokin Troy, daga tatsuniyar Girkawa ta dokin katako da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa aka shigar da shi gari. A Maris 2014 jaridu suka ɗauka, ƙasa ta ɗauki zafi. Mafi yawan waɗanda suka duba wasiƙar sun tafi a kan cewa ƙirƙirarriya ce. Duk da haka ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, ya naɗa Peter Clarke ya yi bincike, mutumin da a da shi ne shugaban 'yan sandan yaƙi da ta'addanci. Tun daga zaɓen mai binciken ka san da wane ido ake kallon lamarin.

Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta shiga makarantu 21. Makarantar Park View da ke unguwar Alum Rock, wadda kusan duk ɗalibanta Musulmi ne 'ya'yan talakawa, a 2012 wannan hukuma ta ba ta matsayi mafi girma, a 2014 kuma ta jefa ta mafi ƙasa. Rahoton Clarke bai samu hujjar ta'addanci ba, amma ya ce akwai wasu mutane da suka haɗa kai suna cusa tsattsauran ra'ayi a wasu makarantu. A Maris 2015 kwamitin ilimi na majalisar dokokin ƙasar ya ce, ban da wani abu guda da ya faru sau ɗaya, ba a samu shaidar tsattsauran ra'ayi ba.

Sai aka gurfanar da malamai gaban kwamitin ladabtarwa na malamai, ana neman a hana su koyarwa. A Oktoban 2016 babbar kotu ta soke hukuncin da aka yi wa biyu daga cikinsu saboda ba a bi ƙa'idar shari'a ba. A Mayun 2017 shari'ar manyan malamai biyar ta rushe gaba ɗaya, bayan ta bayyana cewa lauyoyin masu ƙara sun ɓoye bayanan shaidun da aka tattara tun binciken Clarke. Daga ƙarshe malami ɗaya tak hukuncin ya tabbata a kansa. Amma shekarun da sauran suka yi a zaune, da sunansu da aka ɓata a jaridu, wa zai biya su?

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin abin da aka kafa hujja da shi akwai saƙonnin wani zauren WhatsApp na wasu malaman Park View, masu ɗauke da maganganun ƙyama da bai kamata mai tarbiyyar yara ya furta ba. Akwai kuma shugabannin makarantu da suka yi ƙorafin an uzzura musu. Makarantun nan na gwamnati ne, ba Islamiyya ba ne, da kuɗin harajin kowa ake tafiyar da su. Wanda ya karɓi aiki a irin wannan wuri ya karɓe shi ne bisa sharaɗi, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta wa muminai cika alƙawari.

Kada kuma mu ɗauka takobin nan Musulmi kaɗai yake sara. A 2016 wani asibiti a Ingila ya kori Sarah Kuteh, ma'aikaciyar jinya Kirista, saboda tana yi wa majinyatan da ke jiran tiyata wa'azi bayan an gargaɗe ta, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar. A 2022 kwamitin ladabtar da likitoci na ƙasar ya dakatar da wani likita Bature wata 9, cikin laifukansa har da matsa wa wata Musulma sai ta cire niƙabinta a ɗakin duba marasa lafiya. Wannan labarin ban da shi a saƙonnin da ake turo mana.

Fiƙihunmu ya riga su

Wasu matasanmu suna jin kamar majalisar ladabtarwa baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Ai ba haka ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi magana mai zafi, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ai da ya ga ko kyautar za ta zo. Duk mai karɓar "na goro" a bakin aiki, a kwastan ko a asibiti ko a ofishin takardun fili, wannan hadisi da shi yake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Modibbo Adama ya karɓo tutar wannan yanki namu daga hannunsa, ya lissafa irin wannan gaisuwa da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi.

Game da likita, Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, to lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya kawo misalin da kowane Bahaushe zai gane: mai yin kaciya ya kuskure ya yanke kan al'aurar yaro. Ya ce akwai diyya, amma tunda kuskure ne, danginsa ne za su ɗauke ta. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya bayyana cewa wanda ba gwanin abin ba ne ya kutsa kai, shi ta'adda ya yi, hukuncinsa daban. Ka ga malamanmu tun tuni sun raba kuskuren ƙwararre da gangancin jahili, kuma wannan rabewar ita ce dai majalisun likitoci ke yi a yau. Wanzami da ungozoma da mai shagon magani da ke yi wa mutane allura a bayan kanta, duk maganar ta shafe su.

Ɗaliban da suka kai babin ciniki a Risala sun karanta cewa masu sana'a, irin su tela da maƙeri da marini, suna lamunin kayan da suka karɓa suka tafi da su, da lada suka yi aikin ko kyauta. Asali wanda aka ba amana ba ya biya sai ya yi sakaci, amma Malikawa suka tsananta a nan don maslahar jama'a, domin in ba haka ba kowane tela sai ya ce yadi ya ɓata. Mai jirgin ruwa kuwa ba a ɗora masa lamuni ba idan jirgi ya nutse ba da sakacinsa ba. Amma mai kwalekwalen da ya yi lodi fiye da ƙima a Binuwai lokacin damina, ba zai fake da wannan ba.

Hatta jarrabawar lasisi muna da ita. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya ba da umurni a hana kowa aikin likita sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi takarda. Sama da mutum 800 aka jarraba. Shi Sinanu ma a lokacin bai musulunta ba, ƙwarewarsa aka duba.

Inda matashi ke rikicewa

Wurin da aka fi samun matsala shi ne inda mutum ya bar wani ɓangare na aikinsa da sunan addini, alhali addinin bai ce masa haka ba. Likita namiji ya ƙi duba mace mai naƙuda cikin dare, babu likita mace a kusa, yana ganin taƙawa ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tsara abin: a fara neman likita mace, in babu sai namiji, a buɗe gwargwadon buƙata, a kauce wa keɓewa. Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa mata suna jinyar masu rauni a wurin yaƙi. Ko mai jinya ya bar majinyaci a mawuyacin hali ya tafi Juma'a, alhali a Muhtasar Halilu ya lissafa jinyar marar lafiya cikin uzurorin da ke sauke Juma'a. Idan aka hukunta irin waɗannan ba za mu ce an yaƙi Musulunci ba, jahiltar fiƙihu ce ta ja musu.

Wa'azi ma yana da wurinsa. Majinyacin da ke kwance yana jiran wuƙa ba shi da ƙarfin ce maka a'a. Mu da kanmu, da za mu ji wata ma'aikaciya tana yi wa mahaifiyarmu wa'azin coci a gadon asibiti, ai da mun tayar da ƙura. Idan majinyaci ya nemi addu'a ko a laƙƙana masa kalmar shahada, wannan daban.

Sai kuma mu, jama'ar masallaci. Idan ɗanmu ya ci kuɗin ofis ko ya sayar da sakamakon jarrabawa aka dakatar da shi, nan da nan sai a haɗa tawagar dattawa a tafi roƙo, har a ce don sunansa Musulmi ne aka sa masa ido. A tuna matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ceto, da irin fushin da Annabi (SAW) ya yi. Suratun Nisa'i, aya ta 135, ta ce a tsaya kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Kuma duk ranar da muka kira hukuncin ɓarawo ƙiyayyar addini, mun rage wa kukanmu ƙarfi ranar da za a zalunci irin su Firdaus.

Wanda kuwa ya tabbata don sallarsa ko gemunsa ko hijabinta aka taɓa shi, kada ya tsaya kan zage-zage a Facebook, domin rubutun nan shi za a fara shimfiɗawa a gabansa ranar zama. Ya nemi a ba shi dalilin hukuncin a rubuce. Ya samo kwafin ƙa'idojin cikin gida na ma'aikatar, ya duba ko abin da ake tuhumarsa da shi yana ciki, kuma ko an taɓa hukunta wani wanda ba Musulmi ba a kan irinsa. Ya amsa takardar neman bayani cikin wa'adinta, da ladabi, ya ajiye kwafi. A nan Kamaru ma'aikacin kamfani yana fara kai kukansa ne wurin sufeton ƙwadago don a gwada sulhu, sai in ya gagara a wuce kotu. Ma'aikacin gwamnati kuma yana fara rubuta wa hukumar da ta hukunta shi takardar neman ta sake dubawa, sannan kotun da ke sauraren ƙararrakin gwamnati, kuma muna da ita a nan Garuwa. Waɗannan matakai suna da wa'adi, wanda ya bari ya wuce ya rasa haƙƙinsa ko da shi ke da gaskiya, don haka a ga lauya da wuri.

Allah ne mafi sani.